Kuɗin talla, ko albashin mai haɗa netwok?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina harhaɗa kwamfutocin tebur a Kano, kayan kuma daga Computer Village ta Ikeja nake sayo su. Na tara naira miliyan biyu. In zuba su a tallan rediyo da Facebook, ko in ɗauki yaron da ya iya haɗa netwok, wato jona kwamfutoci da juna su riƙa aiki tare?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ɗauki yaron.

Mai sayen kwamfuta guda ɗaya ba naka ba ne. Zai shiga Farm Centre ya ɗauki HP ko Dell ta hannu, farashin da ba za ka taɓa karyawa ba, komai tallan da ka yi. Kasuwarka tana wajen masu saye da yawa: makarantun kuɗi, asibitoci, ofisoshi, sai kuma cibiyoyin jarrabawar JAMB. Tun 2015 hukumar ta koma yin jarrabawarta kacokan a kwamfuta, kuma tana neman cibiya ta tanadi kwamfutoci 250 da wasu na ko-ta-kwana, duka a haɗe da waya. Mai irin wannan cibiyar ba sunan kamfani ne ke hana shi barci ba. Tsoronsa kada ranar jarrabawa layi guda ya yanke daga saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke jone da ita, yara na zaune, iyaye na bakin ƙofa. Wanda zai iso cikin awa ɗaya da filayarsa da abin gwada waya a jaka, shi zai ba ciniki.

Ko kamfanin kwamfuta na Zinox, da Leo Stan Ekeh ya kafa a 2001, manyan kwangiloli ne suka ɗaga shi, irin na na'urorin rajistar masu zaɓe da ya kawo wa INEC.

Saboda haka daina sayar da kwamfuta tsurarta. Ba da farashi ɗaya da ya haɗa na'urorin, shimfiɗa waya, siwic (akwatin da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa a cikinsa), da kulawar shekara guda a rubuce: ziyara sau nawa a wata, me garanti ya ɗauka, me bai ɗauka ba. Wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙona kaya, a fitar da ita fili tun farko, domin a nan zumunci ke ɓaci. Ka sa ido kan aikin yaron: wayar netwok samfurin Cat6 kada ta wuce mita 100, kowace a liƙa mata lamba a kai biyu, kuma ya riƙa busa ƙura lokacin hunturu. Guji wayar araha mai alminiyom a ciki, jan ƙarfe zalla za ka saya.

Talla ba a bar shi ba, amma kaso kaɗan ya isa. Gama aiki ɗaya mai tsafta, ka ɗauki bidiyonsa da izinin mai wurin, ka tura wa shugabannin makarantu ta WhatsApp, sannan ka bi su da ƙafa.

Batun biya kuwa, karɓi kuɗin kaya gaba ɗaya kafin ka yi oda, tunda farashinsu dala yake bi. Ajiye albashin yaron na wata shida a gefe, ragowar ka sayi kayan aiki da 'yan safaya: fawa (akwatin da ke ba kwamfuta wuta), ram (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta) da siwic ɗaya na ajiya.