Firiza tana ja na, bireka kuma tana faɗuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina sayar da ƙanƙara da zoɓo a Agege. Na sayi firiza tokumbo, wato ta hannu, 'yar Amurka a kasuwar Alaba, aka haɗa min da ƙaramar taransifoma mai rage wuta. Da wutar NEPA, ina kunna taransifomar sai bireka ta faɗi, amma ba kullum ba. Da janareto kuwa, jikin firizar ja na yake yi. Wani ya ce in cire ƙafar fulogi ta uku, in sa bireka babba. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki yi ko ɗaya. Ƙafar nan ta uku ita ce wayar ƙasa, ita ke kwashe wutar da ta zubo jikin ƙarfe kafin ta bi ta jikinki, ga shi sana'arki hannu a jiƙe yake yini.

Faɗuwar bireka ta fi sauƙi. Wutarmu bolt 230 ce, firizarki 120 take so. Daidai lokacin da aka kunna taransifoma takan zuƙi wuta ninkin-ba-ninkin na ɗan ƙiftawar ido, kuma yawan zuƙar ya danganta da inda kaɗawar wutar take a sa'ilin, shi ya sa yau ta faɗi gobe ta tsaya. Idan kwamfuresa, wato injin sanyin firizar, ta tashi tare da ita, abin ya haɗu. Ki fara kunna taransifomar ita kaɗai, sannan ki jona firizar. A duba harafin da ke jikin bireka: mai B tana faɗuwa nan take da ninki 3 zuwa 5 na lambarta, mai C sai 5 zuwa 10. Mai gyaran wuta zai iya sa C mai lamba iri ɗaya. Ƙara lambar kuwa, wayar cikin bango ce za ta yi zafi. Idan wadda ke faɗuwa mai maɓallin gwaji ce, an rubuta 30mA, to yoyon wuta take gani, kuma gaskiyarta.

Jan da yake miki shi ya fi damu na. Yawancin waɗannan taransifomomi masu araha naɗin waya ɗaya gare su, ba su raba shigar wuta da fitarta. In aka juya waya mai wuta da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) a canjoba, wato makunnin da ke sauya NEPA da janareto, firizar za ta yi aiki lafiya lau, amma ɗaya daga wayoyinta na ɗauke da 230 tsakaninta da ƙasa. Ƙananan janareto da yawa kuma nutural ɗinsu ba a haɗe yake da ƙasa ba. Wasu taransifomomin ma, na sha buɗewa, ramin wayar ƙasa na soket ɗinsu ba a jona shi da komai ba.

Ki cire firizar daga janareto tun yau. Ki kira mai gyara da mita, ba testa kawai ba, ya auna canjoba, ya bi wayar ƙasa tun daga jikin firiza har sandar tagulla da aka kafa a ƙasa, don damshin Legas na cinye mahaɗinta. Ya jona jikin janareton da wannan sandar da waya. Taransifomar kuma wat ɗinta ya ninka na firizar sau uku, ki bar wa firizar iska ta baya, domin injinta an yi shi don wuta mai kaɗawa 60Hz ne, tamu 50, zai fi ɗaukar zafi.