Amsar Goggo kan wankan jego da komawa ofis

'Yata, saƙonki ya iso, Allah Ya sauke ki lafiya. Kin ce ko dole ne ki zo Jos wankan gida tunda haihuwar fari ce, alhali ranki yana kan komawa ofis bayan suna da sati guda, don kada a ba wani teburinki, ga kuma jarrabawar ƙarin girma na tafe.

Ki fara sanin abin da ya sa iyayenmu suka ɗauke mai jego kwana 40. Ba ta daka, ba ta surfe, ba ta ɗiban ruwa, ko tsintsiya ba a bari ta taɓa. A dafa mata ƙauri, a gasa mata nama a barbaɗa yajin jego, a karɓi jariri don ta samu ta runtsa. Mutanen da ba su san zaman banza ba ne suka yanke wannan hukunci, matan da ke tashi tun asuba su kwana da aiki a hannu. Sun ga yadda mace ke lalacewa idan ta miƙe da wuri, sun ga wadda baƙin ciki ya rufe ta ba mai kula, shi ya sa suka kewaye ta da uwa da goggo da ungozoma. Hutun da kulawar su ne al'adar, kuma ni a kansu nake tsaye.

Amma ba duk abin da aka gada zan ɗora miki ba. Tafasasshen ruwa da ake fyaɗa wa mace da ganyen darbejiya har fata ta saɓule, da kwanciya a gadon ƙasa ana hura wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa kwarya-kwarya safe da yamma, waɗannan likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi bincike a kansu tun shekarun 1970, suka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta tayar da hawan jini. Ki yi wanka da ruwa mai ɗumi, ki sha kunun gyaɗa ko na tsamiya. Idan ƙafa ta kumbura, ko numfashi ya yi sama in kin kwanta, ko ciwon kai ya matsa, asibiti za a nufa a ranar, kada a ce miki sanyi ne ya shige ki.

Batun ofis kuwa, hutun nan haƙƙinki ne, ba alfarma ba. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da aƙalla mako 16 na hutun haihuwa. Ko a kamfani mai zaman kansa, dokar ƙwadago ta ba da mako 12, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa bayan an koma. Ke da ke fita daga Kubwa kafin gari ya waye, ki kutsa cunkoso har Sakatariyar Tarayya a tsakiyar Abuja, ki dawo bayan magariba, da wane jiki za ki yi haka, ɗinki bai warke ba, nono na zuba? Na san tsoron da kike ji, mace a ofis sai ta ninka ƙoƙari kafin a gan ta, kuma ina alfahari da inda kika kai. Sai dai Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr, da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. In ibada ba ta zama hujjar wahalar da jiki ba, fayil ba zai zama ba.

Ki rubuta takardar neman hutu tun yanzu, ki miƙa aikinki a rubuce ga wanda zai riƙe miki, ki tambayi sashen kula da ma'aikata ranar jarrabawar. In ta faɗo cikin hutun, fitar yini ɗaya ce, sai a raka ki.

Zuwa Jos ba wajibi ba ne. Inda kike awo ya fi dacewa ki haihu, kuma in kin sauka cikin hunturu, sanyinmu ba na jariri ba ne. Ku yi shawara da maigidanki, in ya amince ni zan zo Kubwa in zauna har ku yi arba'in. Na riga na sa a daka yaji, sai ki gaya mini ranar da likita ya ba ki.