Tambayoyin Masu Karatu: Lambobin da Ke Wayata Sun Ƙi Fitowa a Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar sakandare ce a Tudun Wada, Zariya, kuma lambobin iyayen ɗaliban ajina duka suna cikin wayata ta Android. Na sayi laftof domin in riƙa shirya jerin sunayensu, amma idan na buɗe shafin lambobi na Google a kwamfutar sai in tarar da sunaye kaɗan, galibi tsofaffi, waɗanda na ajiye a bana kuwa babu ko ɗaya. Na haɗa wayar da kwamfutar da igiyar caji, hotuna sun fito, lambobi ba su fito ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne, a sha'anin lambobi, waya da kwamfuta ba sa karɓa daga juna kai tsaye. Kowace daga cikinsu tana ɗauka ne daga asusunki na Google da ke intanet, kamar yadda malamai biyu suke kwafar sunayen ɗalibai daga rajista guda da ke ofishin shugaban makaranta: sunan da bai shiga rajistar ba, ba zai fito a takardar ɗaya malamin ba, ko da kuwa teburinsu ɗaya. Wannan ne ya sa igiyar caji ba ta yi miki amfani ba, domin ita hotuna da fayiloli take nunawa, lambobi kuwa a wata ma'ajiya ta daban suke, wadda igiyar ba ta buɗewa.

Saboda haka tambayar da za ki fara yi wa kanki ita ce: a ina aka ajiye kowane suna? Wayar Android tana iya ajiye lamba a katin SIM, ko a cikin wayar kanta, ko a asusun Google, a wasu wayoyin ma har da asusun kamfanin da ya ƙera su, irin su Samsung. Daga cikin waɗannan, wanda ke asusun Google ne kawai zai bayyana a shafin da kika buɗe. Wayar tana haɗa su duka ta nuna miki a jeri ɗaya, shi ya sa mutum ba ya lura da bambancin sai ranar da ya nemi sunayen a wata na'ura. Daga bayaninki, na fi kyautata zaton cewa tsofaffin sunayen sun shiga asusun ne a wayarki ta baya, sababbin kuma wannan wayar tana zuba su a cikinta ko a SIM. Ki buɗe manhajar lambobi, ki zaɓi a nuna miki na asusun Google kaɗai, sannan ki gwada da abin da kwamfutar ta nuna; idan sun yi daidai, to, an gano bakin zaren.

Kafin ki taɓa komai, ki fitar da dukkan lambobin zuwa fayil. A saitin manhajar akwai wurin fitarwa da shigarwa, kuma zai samar miki da fayil mai ƙarewa da .vcf, wanda za ki tura wa kanki ta imel ko ki kwafa a filasha. Ina nanata wannan ne domin akwai shawarar da ake yawan bayarwa, ta a shiga saitin manhajoji a share bayanan ma'ajiyar lambobi don daidaitawa, wato musayar lambobi tsakanin wayar da asusun Google, ta fara sabo. Wannan yana gyara wasu matsalolin, amma yana tafiya da duk sunan da ke cikin waya kaɗai, kuma a halin da kike ciki waɗannan su ne sunayen da kike nema. Da fayil ɗin a hannu, sai ki buɗe contacts.google.com a kwamfutar, ki shigar da shi, sunayen su hau asusun gaba ɗaya. Daga nan ki koma wayar ki sauya wurin ajiye sababbin lambobi zuwa asusun Google, in ba haka ba matsalar za ta dawo da lambar farko da za ki ajiye gobe. Ni dai ban ga dalilin ci gaba da ajiya a SIM ba: yawancinsu ba sa ɗaukar fiye da lambobi 250, suna yanke dogon suna, kuma ba su da wurin imel ko adireshi, alhali asusun Google yana ɗaukar har 25,000.

Idan kuwa kin duba kin ga sunayen a asusun Google suke amma ba su kai kwamfutar ba, to, ki tabbatar asusu ɗaya ne a wuraren biyu. Wannan ya zama ruwan dare a wurinmu, domin da yawa ana buɗe musu Gmail ne a shagon da suka sayi waya, ko a PZ ta Zariya ko a wani wuri, su tafi ba su riƙe adireshin ba balle kalmar sirri, daga baya kuma su buɗe wani da kansu a kwamfuta. Ki duba adireshin da ke sashen asusu a saitin wayar, ki danna hoton da ke kusurwar dama ta sama a shafin kwamfutar, ki karanta su harafi bayan harafi. Idan wani ne ya buɗe miki asusun, ki sauya kalmar sirrin, ki sa lambarki a matsayin ta dawo da asusu, domin lambobin iyayen yara amana ce, bai dace su zauna inda wani yake da mabuɗi ba.

Sauran dalilan ƙanana ne. A cikin asusun Google da ke wayar akwai maɓallin daidaita lambobi, da wani babba na daidaitawa ta atomatik, kuma mutane kan kashe su don tsimin data, ko da yake sunaye da lambobi rubutu ne kawai, ba sa cin abin a zo a gani. Tsarin tsimin batiri da na tsimin data su ma suna hana wayar aikawa a bayan fage, musamman ga wanda ke barin su a kunne kullum saboda rashin wuta. Kwanan wata ko agogon da ya kauce yana hana wayar shiga asusun, haka ma kalmar sirrin da aka sauya a kwamfuta ba a sake shigar da ita a waya ba. Ki gyara waɗannan, ki danna umarnin daidaitawa nan take, sannan ki sabunta shafin kwamfutar.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari. Yarona ya ga sunayen abokan cinikina sun fito bibbiyu a kwamfuta, ya goge waɗanda ya ɗauka maimaici ne, washegari na tarar sun ɓace a wayata ma. Akwai yadda za a yi?

Amsa: Akwai, Alhaji, matuƙar ba a wuce kwana 30 ba, kuma sunayen a asusun Google suke. Daidaitawa hanya biyu take bi: abin da aka ƙara a gefe ɗaya yana zuwa ɗaya gefen, abin da aka goge ma haka. Google yana riƙe sunayen da aka goge a kwandon shara na tsawon kwana 30, don haka a buɗe contacts.google.com, a shiga kwandon, a zaɓi sunayen a dawo da su. Idan suna da yawa, a saitin shafin akwai wurin janye sauye-sauye, wanda ke mayar da jerin gaba ɗaya yadda yake a wani lokaci da ka zaɓa cikin waɗannan kwanakin. Sai dai wannan yana cire sunayen da aka ƙara bayan lokacin da aka zaɓa, saboda haka a fitar da jerin yanzu zuwa fayil tukuna. Kada kuma a zubar da kwandon, domin abin da aka share daga can ba ya dawowa.

Maimaicin da yaron ya gani kuwa yakan samo asali ne daga ajiye mutum ɗaya sau biyu, sau ɗaya da sifili a gaba, sau ɗaya da +234, ko daga shigar da fayil ɗaya har sau biyu. Maganinsa haɗewa ne ba gogewa ba, domin sau da yawa ɗaya sunan yana ɗauke da layin mutum na biyu, kuma ka san abokan ciniki ba su cika tsayawa a kan layi ɗaya ba. Shafin yana da sashen da ke nemo masu kama da juna ya tambaye ka kafin ya haɗe su. A bi su ɗaya bayan ɗaya, ba a amince da duka a dunƙule ba, don kada Alhaji Musa mai taki ya haɗe da Alhaji Musa mai masara.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Samaru, ina da iPhone da laftof mai Windows. Yaya zan ga lambobina a kwamfutar?

Amsa: Malam, iPhone yakan ajiye lambobi a iCloud ne, wato ma'ajiyar kamfanin Apple da ke intanet, don haka ka shiga saiti, ka danna sunanka, ka tabbatar an kunna lambobi a ƙarƙashin iCloud, sannan ka buɗe icloud.com a kwamfutar da asusun Apple ɗinka. Idan ka fi son su zauna a Google, ka fitar da su daga wannan shafin a fayil ɗin .vcf, ka shigar a Google, ka ƙara asusun Gmail a wayar, ka mayar da shi wurin ajiye sababbin lambobi. Kada ka ɓata lokaci wajen neman tsohuwar manhajar lambobi ta Windows mai suna People, domin Microsoft ya daina tallafa mata a ƙarshen 2024, ya mayar da aikinta cikin sabuwar manhajar imel ta Outlook. Ka kuma yi amfani da imel ɗinka na kanka, ba wanda makaranta ta ba ka ba, domin irin wannan asusun a hannun makarantar yake, kuma tana iya rufe shi bayan ka kammala karatu.