Na'urar awon sukari kyauta, amma sai an ba da BVN: amsoshin tambayoyinku

Tambayar farko ta fito daga wani bawan Allah a Mabera:

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifina na da ciwon sukari. Shekaranjiya anka turo wani fom a gurup ɗinmu na WhatsApp, wai wani kamfani na neman waɗanda za su gwada sabuwar na'urar awon sukari da ake haɗawa da waya, kyauta, har da kuɗin mota. Sai dai sun ce a sa NIN da BVN da hoton katin asibiti. In cike?"

Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ka cike.

Gwajin kayan asibiti ba laifi ba ne. Na'urar awon hawan jini da kake gani a kemis sai da aka gwada ta a damtsen wasu kafin ta iso gare mu. Amma abin yana da ƙofar da ake shiga ta cikinta. A ƙasar nan NAFDAC ce ke kula da kayan asibiti kamar yadda take kula da magunguna, kuma binciken da za a yi a jikin mutane sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da shi. Akwai na ƙasa da ake kira NHREC, asibitocin koyarwa irin namu na UDUTH da ke Sakkwato kuma suna da nasu. Kafin a taɓa Baba, sai an zaunar da shi an yi masa bayani da harshen da yake ji: me za a yi, wane haɗari ke ciki, wa zai ga sakamakonsa. In ya yarda ya sa hannu ko ya dangwala, a ba shi kwafin takardar ya tafi da ita gida. Fom ɗin da ke yawo daga gurup zuwa gurup ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin dalilin wannan tsauri ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu duba abin da suke nema. Mai gwada na'urar sukari yana buƙatar shekarun mutum, da maganin da yake sha, da sakamakon awo. Ina ruwan BVN da sukarin da ke jinin Baba? In kuɗin mota ne, lambar asusu ta isa. Wanda ya haɗa NIN da BVN da ranar haihuwa da lambar waya a hannunsa zai iya neman bashi a manhajojin lamuni da sunan mutum. Ko kuma ya kira Baba ya karanto masa bayanansa dalla-dalla har ya sakankance daga banki ne, sannan ya ce ya faɗo lambar da aka turo masa yanzu. Da hoton katin asibiti kuwa har sunan ciwonsa zai ambata.

In har ranka bai so a bar abin ba, kai wa likitan da ke duba Baba ya gani. Ka kuma tambayi masu fom ɗin sunan likitan da ke jagorantar gwajin, da asibitin da ake yi, da lambar amincewar kwamitin ɗa'a. Masu gaskiya ba su jin haushin wannan tambaya.

Wata 'yar'uwa daga Runjin Sambo ta ce:

"Malam, innarmu ta shiga wani gwaji a asibiti, ta sa hannu, sunka ba ta abin ɗaurawa a hannu mai auna bugun zuciya. Ni ce na sa mata manhajar a wayata, amma tana neman izinin wurin da nike, da lambobin mutane, da hotuna. Sun ce za su cire sunanta daga bayanan. Shi ke nan babu damuwa?"

Malama, sannu da ɗawainiya. Izinin wuri ba lallai mugun nufi ba ne. Irin waɗannan na'urori ta Bluetooth suke magana da waya, kuma tsofaffin wayoyin Android ba su barin manhaja ta lalubo na'urar Bluetooth sai an ba ta wannan izini. Daga Android 12 zuwa sama an ware masa nasa, mai suna Nearby devices. Amma lambobin mutane da saƙonnin tes da hotuna ba su da haɗi da bugun zuciya. Shiga Settings, sai Apps, ki zaɓi manhajar, ki buɗe Permissions ki kashe su. In ta ƙi aiki sai da su, ki faɗa wa masu gwajin su ba ki dalili. Kuma tunda wayarki ce, lambobin ƙawayenki da na dangin mijinki ne za a kwasa, su kuwa ba su sa wa kowa hannu ba.

Cire suna yana da amfani, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Wata masaniya a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya kawai sun isa a ware kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya. To bare a nan. A ce dattijuwa mai shekara kaza, daga wani ƙauye a Wurno ko Rabah, mai ciwo kaza, ai duk ɗan garin ya san wa ake nufi.

Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Inna na da haƙƙin ta tambayi abin da aka tara a kanta, da wanda aka ba, da ko an fitar da shi ƙasar waje. Tana iya janye amincewarta duk ranar da ta ga dama, kuma wannan ba zai zama dalilin hana ta magani ba, ko da yake abin da aka riga aka zuba cikin lissafin bincike da wuya a tsamo shi. In aka yi wa masu riƙe da bayanan kutse mai iya cutar da mutane, doka ta ba su awa 72 su sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, kuma can ne ake kai ƙorafi.

Ta ƙarshe daga wata ma'aikaciyar jinya da ta ce a sakaya unguwarta: wakilin wani kamfani ya ce ta turo masa sunaye da lambobin masu hawan jini da ke zuwa wurinsu, zai ba ta ɗan na goro a kan kowane mutum.

Sista, goron nan zai iya cin aikinki. Sashe na 26 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya ce bayanin majinyaci sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutacciyar yardarsa, ko buƙatar waliyyinsa in shi ba zai iya ba da yarda ba, ko umarnin kotu, ko inda doka ta tilasta, ko in ɓoye shi babban haɗari ne ga lafiyar jama'a. Hoton rajista da ya fita ta WhatsApp kuwa, ko kin goge a wayarki yana nan a tasa. Ki ce masa ya rubuto wa shugaban asibiti. In an amince, ku ne za ku sanar da majinyata, wanda yake so shi zai ba da lambarsa da kansa.