Na ɓoye dikoda a kabad, rimot ya daina aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sa kafinta ya yi min kabad na katako a ƙarƙashin talabijin na zuba dikoda da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da tarkacen wayoyi a ciki saboda yara, falo ya yi kyau amma yanzu sai an buɗe ƙofar kafin rimot ya yi aiki. Na sayo ɗan akwatin nan Broadlink RM4 mini da ake sarrafawa da waya na ɗora kan tebur, talabijin yana ji amma na cikin kabad ko gezau. Lalacewa ya yi ko ni ne ban iya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwatinka lafiyarsa ƙalau, inda ka ajiye shi ne matsalar. Abin da rimot yake harbawa haske ne da ake kira infirared, ido ba ya ganinsa amma dai haske ne, yana ratsa gilashi garau yana kuma dukan bango ya dawo, katako kam ba ya wucewa ko kaɗan. In kana so ka gani da idonka saita kan rimot ɗin a kyamarar waya ka danna, a yawancin wayoyi za ka ga wani haske shuɗi-shuɗi yana ƙiftawa. Shi wannan akwatin da wifi yake karɓar umarni daga wayarka sannan ya harba irin wancan hasken, kuma wifi yana ratsa katako, to ka ga kenan cikin kabad ɗin ya kamata ya zauna, a gaba-gaba kusa da ƙofa yadda hasken zai daki bayan ƙofar ya koma kan fuskar dikoda. Ka kuma duba wifi ɗinka irin wanda ake kira na 2.4GHz ne, don akwatin ba ya hawa kan na 5GHz.

Sai dai da zarar ya shiga ciki talabijin kuma zai daina ji, kuma rimot na hannu har yanzu ba zai yi ba, mutanen gida sai sun nemo wayarka kafin su canza tasha. Shi ya sa ni gaskiya na fi son ka bar shi kan tebur ka nemo abin da ake kira IR repeater, wani ɗan ido ne da za ka manna a waje ƙarƙashin talabijin, wayarsa ta shiga kabad ta rabu zuwa ƙananan kawuna masu gam, kowanne ka liƙa shi daidai kan idon na'ura ɗaya. Gano idon ne yake ba mutane wahala don yana ɓoye bayan baƙar robar gaba, ka haska tocilan a jikin robar a hankali za ka hango wani ɗan da'ira ko murabba'i a ciki, nan ne wurin, in ka kauce da ɗan yatsa ɗaya ma sai ya riƙa ji yau gobe ya ƙi. Yawancin rimot a kan 38kHz suke aiki, wato ma'aunin saurin ƙiftawar haskensu, amma akwai dikodojin da ke amfani da 56kHz, don haka sayi IR repeater ɗin da aka rubuta yana ɗaukar duka biyun.

Akwai abin da nake so ka sani tun yanzu kar ya ba ka haushi daga baya. Infirared hanya ɗaya yake bi, akwatin yana aika umarni ne kawai bai san ko dikoda a kunne yake ko a kashe ba, kuma a na'urori da yawa maɓalli ɗaya ne yake kunnawa yake kashewa, to in wani ya riga ya kashe da hannu kai kuma ka danna "kashe komai" a waya sai ya kunnu a cikin kabad ba wanda ya gani har gari ya waye. Duba cikin manhajar akwatin da ke wayarka ko akwai umarnin kunnawa daban da na kashewa daban na irin na'urarka, in akwai yi amfani da su.

Sannan don Allah ka mayar da kafintan ya huda bayan kabad ɗin sama da ƙasa iska ta riƙa zagayawa, amfilifaya yana zafi sosai kuma ka rufe shi da dikoda wuri guda.