Ɗan Ƙanwata Yana Son In Zuba Jari a Fim ɗin Daba, In Ba Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari. Akwai ɗan ƙanwata da ya daɗe yana bin 'yan fim lokeshan, yanzu ya ce ya isa ya tsaya da ƙafarsa. Yana so in ba shi naira miliyan 5 ya yi fim a kan yaran unguwa da suka faɗa daba da shaye-shaye. Ya nuna mini wani tsohon fim ɗin Amurka a wayarsa, mara kala, mai suna The Delinquents, ya ce da kuɗi kaɗan aka yi shi amma ya kawo dala miliyan guda, kuma wai ɗan kasuwa ne irina ya ba da kuɗin. Ya yi mini alkawarin kuɗina za su dawo ninki biyu cikin wata 6. Daga jarin shago zan cira. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kada ka taɓa jarin shago a kan wannan magana. Ɗan naka bai yi maka ƙarya ba game da fim ɗin, amma rabin labarin ya ba ka, kuma a rabin da ya bari ne lissafin kuɗin yake.

An ɗauki fim ɗin a 1956 a birnin Kansas na Amurka, ya fita a 1957. Labarin wani yaro ne mai tarbiyya da iyayen budurwarsa suka hana shi zuwa wurinta, ya faɗa hannun gungun 'yan iskan gari, abu ya kai ga ɗura masa giya, da fashi a gidan mai, da faɗa da wuƙa. Abin da aka kashe kusan dala 63,000 ne, kuma gaskiya ne ana ƙiyasta ya tara kusan dala miliyan 1 a gidajen kallo. Sai dai ka tambayi ɗan naka wane ne wannan “ɗan kasuwa irinka”. Sunansa Elmer Rhoden ƙarami, kuma hajarsa ba yadi ba ce. A lokacin shi ne shugaban kamfanin Commonwealth Theatres, mai gidajen sinima da dama a wannan yanki. Mutum ne da kullum ake kawo masa lissafin tikiti, ya san fim ɗin da ke cika ɗaki da wanda ake haska wa kujeru.

Lokacin ma ya taimake shi. A 1948 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba manyan kamfanonin Holiwud da gidajen sinimar da suka mallaka, sai suka rage yawan fina-finan da suke fitarwa. Talabijin kuma ta shigo gidaje ta zaunar da magidanta a falo. Waɗanda suka rage suna fita kallo da daddare su ne samari da 'yan mata masu 'yan canji a aljihu, musamman a irin sinimar filin nan da ake shiga da mota a yi kallo daga cikinta. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 irinta ta haura 4,000 a ƙasar. Ga jaridu cike da labarin lalacewar yara, har majalisar dattawa ta kafa kwamiti a kai a 1953. Masu sinima suna neman abin haskawa ruwa a jallo, 'yan kallo suna jira a bakin ƙofa. Rhoden bai yi fim sannan ya fita neman kasuwa ba. Kasuwar ce ta same shi a ofis, ya je ya sa aka yi mata haja.

Arahar ma ba daga sama ta faɗo ba. Daraktan, Robert Altman, ya yi shekaru a wani kamfani na garin mai suna Calvin yana yin gajerun fina-finan koyarwa da na masana'antu, ya saba da aiki kan lokaci da ƙayyadadden kuɗi. Cikin 'yan makonni ya gama ɗauka, a gidaje da titunan garinsu, da 'yan wasan da yawancinsu 'yan gari ne. Wanda ya iya aiki ne ke iya yin sa da araha. Wanda yake koyo, abin da ya ce maka miliyan 5 yakan tashi 8, don ranar da jarumi bai zo ba ko janareta ya ƙi tashi, abincin mutum 30 da hayar kyamara ba sa tsayawa.

Yanzu ga inda nake so ka sa ido sosai. Rhoden bai ga dala miliyan ɗin nan ba. Ya sayar wa kamfanin rarraba fina-finai na United Artists fim ɗin a kan dala 150,000. Ka cire 63,000, saura 87,000, kuma da wasu 'yan kasuwar garin da suka sa hannu a jarin. Riba ce mai kyau, ba na musu. Amma kaso mafi tsoka ya tafi ga masu gidajen kallo da kamfanin da ya rarraba. Bayan United Artists ya saya ma sai ya liƙa muryar wani mai wa'azi a farkon fim ɗin da ƙarshensa, abin da daraktan bai so ba, amma ba yadda ya iya tunda an sallama. Sannan an yi irin waɗannan fina-finai barkatai a shekarun nan, yawancinsu ba mai tuna sunansu yau. Wannan ya tsira a bakin mutane ne saboda Altman ya zama babban darakta daga baya. Ɗan naka ya ɗauko wanda ya ci, waɗanda suka faɗi ba su zo wayarsa ba.

To mu dawo Kano. Wa zai sayi fim ɗinku? Da a ce zamanin kaset da faifai ne, da na ce ya je Ƙofar Wambai ya ji ta bakin dillalai kafin a kunna kyamara. Wannan kasuwa ta mutu, masu satar fasaha da masu tura fim a waya kan 'yan kuɗi kaɗan sun gama da ita. Abin da ya rage shi ne tashoshin talabijin irin su Arewa24, da manhajojin kallo irin su Northflix, da YouTube. Biyun farko sai sun ga aiki sun yarda, kuma su ke yanka farashi. Yin fim ba tare da sanin inda za a kai shi ba daidai yake da ka sauke dila 10 ta atamfa ba ka da shago ba ka da kwastoma, da bambanci ɗaya: atamfa ko an karyar da ita za a samu wani abu, fim ɗin da ba a kalla ba ko sisi.

Na san zai ce maka YouTube. To ka sani, kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Idan ta fara, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar ne nata. Abin da masu talla ke biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar kuma bai kama ƙafar na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba. Babbar matsalar ma ita ce irin fim ɗin da yake son yi: bidiyon da ke da sara da jini da shan ƙwaya, YouTube kan taƙaita masa talla ko ta cire ta gaba ɗaya. Wato wurin da zai ja 'yan kallo shi ne wurin da zai kori kuɗi. Masu samu a can galibi masu dogon zango ne, da ke saki duk mako, suna kuma tallata hajar 'yan kasuwa a cikin shirin. Fim ɗaya tilo a sabuwar tasha ba ya dawo da miliyan 5 a wata 6.

Akwai kuma abin da na yi mamaki bai faɗa maka ba, tunda yana cikin harkar. A 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar da hana fina-finan da ke nuna daba. A 2025 kuma ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango saboda sakin su ba tare da an kai mata ta tace ba, cikinsu har da manya da kowa ya sani. Idan waɗannan ba su tsira ba, sabon shiga ba zai tsira ba. Ni a ganina daba ciwo ce da ta kamata a yi magana a kanta, duk wanda aka taɓa tare shi da barandami a kan waya ya san haka, kuma fim mai hankali zai iya amfani. Amma ra'ayina ba ya fitar da takardar izini. Ya je hukumar da labarinsa a rubuce, ya dawo maka da amsarsu a rubuce. Kafin nan duk lissafin da za ku yi na iska ne.

Maganar ninki biyu kuwa, ita ta fi komai tsaya mini a rai. Idan bashi ka ba shi, ƙarin da ya yi maka alkawari riba ce ta haram, ka fi ni sani. Idan kuma jari ne, kai da kuɗi shi da aiki, to mudaraba ke nan, kuma a mudaraba ba a lamunce wa mai kuɗi riba, kaso ake yankawa daga abin da aka samu. In aka faɗi ba da sakacinsa ba, asarar kuɗin taka ce, shi wahalarsa ya yi asara. Saboda haka alkawarin nan ba shi da mazauni ko ta wace fuska. Ba na zarginsa da yaudara. Ɗoki ne na matashi, ya ƙirga riba bai ƙirga faɗuwa ba.

Duk da haka ban ce ka kore shi ba, ɗa ne, kuma mai neman na kansa ya fi mai zaman majalisa. Ka ware abin da in ya tafi ba zai hana ka sarin kayan Sallah ba, daga ribarka, ba daga uwar kuɗi ba. Kada ka miƙa shi a dunƙule. Kashi na farko ya isa rubutun labari da zuwa hukuma da ɗaukar somin-taɓi na minti 10, wanda zai zaga da shi wurin masu saye. In wani ya nuna sha'awa a takarda, sai kashi na biyu ya fita don ɗauka, na uku don tacewa da sauti, kowanne bayan ka ga rasit ɗin na baya. In ba wanda ya taya, ka tsaya nan, ka yi asarar kaɗan.

Akwai ma hanyoyi biyu da na fi so. Ka sayi kyamara da fitilu da na'urar sauti da sunanka, ya riƙa ba da haya ga masu fim da masu ɗaukar biki, yana kawo maka balas. Kayan suna nan ko fim bai yi kasuwa ba, shi kuma zai san mutane ya san farashi. Ko kuma ka shiga a matsayin mai talla: ka ba da atamfar da 'yan wasa za su sa, a nuna shagonka da lambar wayarsa. Nan ka san me ka biya, ka san me ka saya.

In dai har ka zaɓi shiga a matsayin mai jari, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, don haka ba rashin yarda ba ne, ka faɗa wa mahaifiyarsa haka tun kafin magana ta je mata a karkace. Takardar ta nuna cewa kuɗin farko da ya shigo naka ne har jarinka ya cika, sannan a raba abin da ya hau bisa kason da kuka amince. Ta nuna wa ya mallaki fim ɗin, don a dokar Najeriya ba a sallama haƙƙin mallaka da baki. Ta hana sayar da shi ga kowace tasha sai da sa hannunka. Tashar YouTube ɗin kuma a buɗe ta da imel da asusun bankin da kai ma kake gani, domin wanda ke riƙe da lambar sirri shi kuɗin ke zuwa wa. Ka kai wa lauya ya duba kafin ka tura kashin farko, kuɗin lauyan kuma a sa shi cikin kasafin fim ɗin.