Amsa ga Malamar da ke son fara fita da ɗalibai karatu a waje

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce an ɗora miki nauyin fara fita da ɗalibai karatu a wajen aji, kina tambayar ta ina za ki soma ba tare da wani yaro ya shiga haɗari ba. Na daɗe ina wannan aiki da 'yan ƙaramar sakandare.

Kada ki fara da hayar mota. Zangon farko gaba ɗaya ki yi shi a harabar makaranta: a yi lambu, a dasa darbejiya da zogale, a auna inuwa safe da rana. A nan za ki gane yaron da ba ya amsa kira, da mai sikila ko asma, da wadda jiri ke ɗiba in rana ta take. Wannan sanin ya fi akwatin magani amfani ranar da kuka fita.

Sai iyaye. Tun sace ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disamba 2020 da Jangebe a Fabrairu 2021, ba uban da zai saki ɗansa haka kawai, kuma suna da gaskiya. Ki tara su, ki faɗi wurin, da lokacin tashi da na dawowa, da malaman da za su raka. Kowa ya sa hannu ya bar lambar waya. A sanar da ofishin ilimi da 'yan sandan yankin. Kwana a daji kam, ni ban yarda da shi ba a halin da ake ciki.

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, ya fi dacewa. In bazara ce, a fita da sassafe a dawo kafin azahar. Ki riƙe ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwa. Yaro yana nutsewa ba ihu ba kururuwa, malami na tsaye kusa da shi yana hira. Ko ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, da yake garau har ana ganin ƙasa, yana da wurin da ya fi tsayin yaro. Kududdufi da bakin dam kuma ga tsargiya, bayan makonni sai a ga fitsarin jini. Ki haramta shiga tun daga makaranta, ki sa malami guda wanda gadin bakin ruwa kaɗai ne aikinsa. A ƙirga yara duk inda aka tsaya, da kiran suna.

Kowa ya sa rufaffen takalmi saboda kububuwa. In maciji ya sari yaro, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana ƙafar motsi, a nufi asibiti. Ba kowane asibiti ke da allurar maganin dafi irin asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ba, don haka ki bincika wanda ke da ita a kusa kafin ranar tafiya, direba kuma ya san hanyarsa.